Ranar da Uwarku Ta Yi wa Mota Waɗari

Ran addu'ar arba'in ɗin uwarku ina zaune a zaure ana karɓar gaisuwa, sai wani tsohon direba da muka yi zamani tare ya ɗauko labarin nan da kuka sha ji. Ya ce wa mutane ga Lawali Mai Zare, wanda ya rufe wa Bature baki da zaren auduga tun ba a san garaji a Maraɗi ba. Mutane suka gyaɗa kai, wasu suka yi murmushi don su faranta mini. Ni kuwa na sunkuyar da kai na yi shiru, irin shirun da na daɗe ina yi. Da na shiga cikin gida na ga tabarmarta a naɗe a jingine, sai na san shirun ya isa haka. Karatuna na manya ne, da furfurata na koyi boko, saboda haka ku yi haƙuri da rubutun. Abin da ke cikinsa dai haka ya faru.

Lokacin Faransa ke mulki. Ba a daɗe ba da barin tsohon gari bayan ruwa ya ci shi, an hau tudu an yanka wa kowa fili. Namu ɗaki biyu ne na laka, da dangar kara a kewaye. Mu uku ne a ciki: ni, da uwarku Habsu tana ɗauke da cikin fari wata bakwai, da kakata ta wajen uba, Kaka Dela, wadda na ɗauko daga wani ƙauye bayan Tsibiri da ƙarfinta ya ƙare. Kaka tana kan al'adar iyayenta ta Anna, masu bautar iskoki, har ta koma ga Mahaliccinta, ba mu kuma taɓa yin faɗa a kan wannan ba. In na shimfiɗa buzu sai ta ja ƙwaryarta gefe ta yi shiru, in na sallame ta ci gaba da zagina daga inda ta tsaya.

Ni direba ne a wani kamfanin Turawa mai sayen gyaɗa. Ƙaramar mota ce mai buɗaɗɗen baya, ina kai sikeli da buhuna da akawu kasuwannin Tsibiri da Jiratawa, in dawo da su. Ku da kuka tashi kuka tarar da kabu-kabu ya cika gari ba za ku gane darajar direba a wancan zamani ba. Shekara shida na yi ina karen mota tsakanin Katsina da Kano kafin in sami farmi, wato takardar tuƙi, kuma a cikin laya na ɗinke ta na rataya a wuya. Maigidana Bature ne dogo, ana ce masa Mai Lofe. Ba mugu ba ne, amma a ganinsa duk abin da ya lalace a hannun baƙar fata to sace shi aka yi. Yana da doka ɗaya da kowa ya sani: direba ya duba ruwa, ya duba mai, amma ba ya sa wa mota kile, abin da mutanen Najeriya ke ce wa sifana. Gyara na wani makanike ne Bature da ke zuwa daga Damagaram sau biyu ko uku a shekara.

A farkon kakar gyaɗa ta wannan shekara aka sa wa motar sabbin tayu biyu a gaba. Ba su yi wata biyu ba, wata Asabar da rana, Mai Lofe ya zo wucewa ya shuri tayar hagu da takalmi kamar yadda ya saba, sai ya tsaya ya duƙa. Gefen ciki ya cinye har zaren taya ya fito. Ya kewaya dama ya tarar da ita ma ta kama hanya. Bai yi ihu ba. Ya kira akawu ya yi masa magana a hankali, akawu ya juyo gare ni yana kallon ƙasa.

“Ya ce sabuwar taya ba ta cinyewa cikin wata biyu. Ya ce ka sayar da sababbin ga masu lodin Katsina, ka sa masa tsofaffi. Ran Litinin da safe ka kawo makulli, ku tahi wajen jandarma.”

Na rantse, na sake rantsewa, Bature ya juya ya shige ofis. Filin kamfani ya cika da buhunan gyaɗa, don haka a ƙofar gidana motar ke kwana duk kakar, wannan ma ya zama hujja a kaina. Na san abin da ke jirana: a karɓe farmi, a kai ni kaso, wato kurkuku. Amma ba kason ne ya fi tsaya mini a rai ba. Abin da ke cikin uwarku nake tunani, a haife shi a ce ɗan ɓarawon taya.

Da na isa gida Kaka na zaune a gindin danga tana ɓarar gyaɗa. Kun san wasan kaka da jika, “mijina” take ce mini.

“Mijina, mi ya same ka ka shigo kamar kazar da ruwan sama ya ba kashi? Ko Nasaran ya gane ba ka iya komi ba?”

Na gaya musu. Uwarku tana bakin murhu, ta ajiye muciya ta saurara. Kaka kuwa ta tafa hannu.

“Ai na faɗa maka. Kullum kana wuce tsamiyar mashigar gulbi da wannan ƙarfe mai wari, kana yi wa iskokinta hayaƙi a fuska, ko sannu ba ka cewa. Su ne ke lasar ƙafar motar taka. Ka ba ni jan zakara in kai musu.”

“Kaka, ki bar ni in ji da abin da ke damuna.”

“To ji da shi. In sun kai ka kaso ni dai ba ni takaba, wani mijin zan yi.”

Maganar mashigar gulbi ta tuna mini da wani abu. Makonni kafin nan, muna dawowa daga Jiratawa, ƙafar hagu ta daki wani kututture da yashi ya binne, har akawu ya buga goshi. Tun ranar sitiyari ya yi nauyi, mota tana yawo a hanya. Na ɗauka yashi ne kawai. Ban haɗa wannan da tayu ba, don ni tuƙi na iya, ban iya gyara ba.

Ran Lahadi da sassafe uwarku ta fita sharar ƙofar gida, kamar kullum, kafin mutane su fara wucewa. Ina kan buzu na ji tsintsiya ta tsaya. Sai ta leƙo.

“Malam, taho ka ga sawun motarka.”

Na fita. Ta nuna mini da tsintsiya inda na shigo jiya. Sawun tayun baya ya fito sarai a kan ƙasa, zane-zanensa ɗaya bayan ɗaya. Na gaba kuwa a dagule yake, ƙasa ta tattaru a gefensa kamar an ja buhu.

“Ka gani? Na baya taka ƙasa suke. Na gaba goge ta suke. Na fi wata ina share wannan sawu ina mamaki, na ɗauka haka mota take. Ƙafafunta ba su kallon wuri guda, Malam. Tafiyar agwagwa take.”

Na tsaya gaban motar na ƙura wa tayun ido, na ce ni ban ga karkata ba.

“Ido ba ya gani. Baba ma bai yarda da ido ba. Ka buɗe danga ka shigo da ita ciki, in yi mata waɗari.”

A nan sai in gaya muku abin da wasunku ba su sani ba. Kakanku na wajen uwa masaƙi ne a Jiratawa, kuma uwarku ce ke yi masa waɗari tun tana yarinya, wato kafa turaku a fili a ja zaren tsaye tsakaninsu kafin a ɗora shi a masaƙa. In layi ɗaya ya kauce ko da kaɗan ne, ƙyallen zai fito a karkace, gefe ɗaya ya riga ɗaya mutuwa. Ta ce mini abin da ya sami tayata ke nan, ba wani abu ba.

Na kwance danga na shigo da motar tsakar gida, inda ƙasa ta fi daidaita, na miƙe sitiyari, na mayar da dangar. Kaka ta jawo tabarma inuwa ta zauna kamar mai kallon dambe.

“Yau ɗiyar masaƙa ta zama boka. Mu gani, ko mota za ta fito da riga.”

Uwarku ta shiga ɗaki ta fito da dunƙulen zare. Na san shi. Tun da ciki ya bayyana take kaɗa shi da mazari, siriri mai ƙarfi, fari tas, don ta aika wa ubanta ya saƙa mata majanyin goyon fari. Na ce ta ɗauko abawa mana. Ta ce abawa tana saki, ba ta faɗin gaskiya. Ta sa na fere turaku huɗu na kafa, biyu a gaban mota biyu a baya. Ta murza zaren riɓi biyu, ta jiƙa shi, ta ja ɗaya ta hagu ɗaya ta dama, daidai tsakiyar taya, tana matsar da turke har zare ya yi daidai da tayar baya, gabanta da bayanta tazara ɗaya. Sannan ta ɗauko doguwar gorar da muke shanya a kai, ta gwada faɗin da ke tsakanin zaren biyu a gaba, ta yi alama da farce, ta sa na kai gorar baya. Ya saɓa da kaɗan. Ta sa na cire turke ɗaya na sake kafawa. Sau uku muna yi, ni har na fara gajiya.

“Malam, in waɗari ya yi ƙarya, duk abin da aka auna da shi ƙarya ne.”

Da ta gamsu sai ta durƙusa da cikinta a gefen tayar hagu ta gaba, da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu. Ta tsinko sillen kara, ta gwada daga zare zuwa bakin ƙarfen taya ta gaba, ta karya. Ta ɗauki wani ta gwada ta baya, ta karya. Ta jera su a tafin hannunta ta miƙo mini. Na gaba ya gaza na baya da kusan kaurin ɗan yatsa. Ta dama ma haka, ko da yake bai kai ba. Ƙafafun motar sun buɗe baki, kowace tana neman nata gari, ni kuma fiye da wata ina tilasta musu tafiya tare a kan yashi da tsakuwa. Na zauna a ƙasa da karan nan a hannu, ban san sa'ad da na ce Allahu akbar ba.

Na san akwai wata sandar ƙarfe a ƙarƙashi da ta haɗa ƙafafun gaba biyu, kowane bakinta da maɗauri da noti. Na taɓa ganin maigidana na Kano yana murɗa irinta, amma ban san da me ya auna ba. To ga kile a akwatin mota, ga dokar Mai Lofe. Ga kuma wani abu da ya fi wannan: in na gyara, shaidata ta ɓace, in je ran Litinin da mota miƙaƙƙiya da tayu cinyayyu, in ce masa me? In kuma ban gyara ba, sai ya ce wa ya tabbatar wannan ne dalili? Na faɗi haka a fili. Kaka ce ta fara amsawa.

“In ka taɓa su kama ka, in ba ka taɓa ba su kama ka. To taɓa mana, raggo, ka san abin da ka ci ya shaƙe ka.”

Uwarku ta ɗauko allin kaɗinta, wanda take shafa wa yatsu in tana murza mazari.

“Ka yi wa sandar alama kafin ka taɓa ta, ka ƙirga murɗawa. Abin da aka ƙirga ana iya warware shi. Gobe ka mayar masa da ita yadda take a gabansa, ya ga cutar da idonsa, sannan ka ba ta magani.”

Na shiga ƙarƙashin mota. Notin ya yi tsatsa, sai da ta miƙo mini man gyaɗa a ludayi na ɗiga masa. Na ja layin alli, na sassauta maɗauran biyu, na murɗa sau ɗaya. Ta gwada, ta ce babu abin da ya canza. Na ce ai na murɗa. Ta kalli tayar, sannan ta ce nauyi ne ya danne ta, in ja motar baya in dawo da ita, ko zare ma sai an girgiza shi yake zama. Na yi haka a hankali tsakanin zaren biyu. Ta gwada. Bakin ya ƙara buɗewa, ashe baibai na murɗa. Kaka ta yi dariya har da tari.

“Shekara shida a Kano! Da jaki na aika da ya dawo da sana'a.”

Na warware na koma ɗaya gefen. Haka muka wuni: in murɗa, in fito, in ja mota baya in dawo, ta durƙusa ta gwada, ta tashi tana dafa taya. Na ce ta huta, ta ce in an gama. Sau biyu ƙafata tana tsinka zare, ta ƙulla mu ci gaba. A murɗawa ta huɗu karan gaba da na baya suka zo daidai a duka ɓangarorin. Sai na tuna maigidana na Kano yakan ce ƙafar gaba ba a barinta a miƙe sak, sai ta ɗan tsuke baki kamar tafiyar tantabara, don in mota ta ɗauki gudu buɗewa take. Uwarku ba ta so ba.

“Ba a saƙa da karkataccen zare.”

“Wannan kam na ji da kunnena.”

“To kaurin tsinken tsintsiya biyu. Ban yarda da fiye da haka ba.”

Rabin murɗawa ya ba mu wannan. Na ɗaure notin tam. Da la'asar ta share tsakar gida ta yayyafa ruwa, na tuƙa motar a kai. Sawu huɗu suka fito, kowane da zanensa, babu gogewa ko kaɗan. Ta tsaya tana kallonsu, zanenta duk ƙasa a gwiwa, sai na ga tana murmushi ita kaɗai. Kaka kuwa ta kama jan zakaranmu ta kewaya bayan ɗaki da shi. Ban tambaye ta ba.

Ran Litinin na isa kamfani da turaku huɗu, da gora, da dunƙulen zare, da karan da ta karya a aljihu. Na roƙi akawu ya ce wa Bature ya ba ni sa'a guda kafin jandarma. Abin da ya fara tambaya shi ne ko na taɓa motarsa. Na ce na taɓa. Wuyansa ya yi ja, amma ya ce in yi ya gani. Leburori suka ajiye buhuna suka kewaye mu. Na kafa turaku na ja zare yadda na ga ta yi, na gwada faɗi da gora gaba da baya. Na shiga ƙarƙashi na warware murɗawa huɗu da rabi har layin alli ya koma mazauninsa. Na sa aka yayyafa ruwa, na tuƙa, sawu ya fito a dagule. Na gwada da kara na miƙa masa, na kama hannun akawu na ɗora a kan tayar, ciki sumul, waje da zanensa sabo. Sannan na sake murɗawa, na sake tuƙawa kusa da sawun farko. Garin fitowa daga ƙarƙashin mota ne gwiwata ta ture dunƙulen zaren ya faɗa cikin tasar baƙin mai. Na tsamo shi yana ɗiga.

Mai Lofe ya aika aka ɗauko masa ma'auninsa na katako mai naɗewa. Ya duƙa da kansa ya auna hagu, ya auna dama, ya je ya tsaya a kan sawun biyu ya daɗe, har lofensa ya mutu bai sani ba. Bai ba ni haƙuri ba, ba su saba ba. Ya dai ciro makulli daga inda na ajiye ya jefo mini. Leburori suka ɗauki sowa. Sai ya yi wata magana, akawu ya fassara.

“Ya ce wa ya koya maka wannan?”

Na dubi mutanen da ke kewaye da ni, maza fiye da ashirin, duk suna kallona kamar yau suka fara ganina. Na ji kunyar ambaton iyalina a gabansu, wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta: na ji tsoron a ce Lawali ne wanda matarsa ke gyara masa mota, kuma kallon nan da suke mini ya yi mini daɗi.

“Ka ce masa ni na gano da kaina.”

Da na koma gida na ba su labari duka, har da wannan, don ban iya ɓoye mata abu ba. Kaka ta tofar da yawu.

“Ɓarawon taya dai ba kai ba ne. Amma ka yi sata yau.”

Uwarku ta karɓi dunƙulen zaren daga hannuna tana juya shi.

“Kaka, ki bar shi. Da mi zai ce? Makulli dai ya dawo.”

Daga wannan kaka direbobi suka fara kawo mini motoci ƙofar gida, sunan Mai Zare ya bi ni, har daga baya na bar tuƙi na buɗe garajin da ya ciyar da ku. Abin da babu wanda ya sani shi ne, shekarun farko duk tana tsaye a bayan danga tana leƙe ta tsakanin kara. In na kafa turke ya kauce sai ta yi tari, ni kuma in ce wa mai mota bari in sake dubawa. Kaka har ta mutu tana cewa zakaranta ne ya yi aikin. Ni ina cewa ni ne. Mai aikin ita kaɗai ce ba ta taɓa cewa ita ce ba. Na sha niyyar faɗa a gaban mutane, ina cewa sai wani taro, sai ran auren wance, har aka yi taron da ba ta cikinsa.

Zaren nan ta wanke shi da toka, ta wanke da sabulu, bai fita ba. Ta aika da shi Jiratawa haka nan tare da sauran farin, kakanku ya saƙa. Shi ne majanyin da aka goya ku da shi duka, tun daga yayarku, wadda ban taɓa kiran sunanta ba, ba kuma yau zan fara ba. Yana hannunta yanzu, na ga ta ɗauke shi ran rabon kayan ɗaki. Kun tashi kuna ganin baƙaƙen layuka uku a tsakiyarsa kuna zaton shuni ne. Ku ce ta ɗauko muku shi ku shinshina. Ni na shinshina kafin ta tafi da shi, har yanzu da sauran warin.